Fuskar Shagon Madam

Yayata ta yi shekaru tana sayar da man shafawa a wani shago da ke ƙasan babban ginin kasuwa. Shagon matsattse ne, idan ta miƙe hannuwanta tana taɓa bango da bango. Akwai kanta ta gilashi, akwai madubi mai zagaye da fitila a gefensa, kwalaben mai masu murfi ruwan zinariya kuma sun cika bango har sama. A saman ƙofa an kafa kyamara, mai shagon tana ganin komai ta wayarta daga duk inda take. Madam muke ce mata, har mu da ba ma cin albashinta.

Yaya ce babba a gidanmu, ni ce auta, babu kowa a tsakaninmu. Da Baba ya rasu ta ajiye karatu bayan sakandare, ta ce kanta ba ya ɗaukar boko. Ba gaskiya ba ne, domin ita ta koya mini lissafi a kan murfin bokiti da guntun alli. Ran da aka ɗauke ni a jami'a ta raɗa mini suna Digiri, har yau kuma ba ta kira ni da wani suna ba. Tana waƙa idan tana wanki, muryar ba daɗi, kuma ta sani. Idan mace ta doso shago, tun daga yadda ta riƙe jaka Yaya take gane ko mai saye ce ko mai taɓa kaya ta tambayi farashi ta wuce. Hayar ɗakunanmu biyu, da maganin hawan jinin Umma, da karatuna, duk daga wannan kanta suka fito.

Ƙurajen fuska ba su same ta da ƙuruciya ba, sai da ta haura ashirin. Manya ne masu zafi, suna jeruwa a haɓa da gefen kumatu, ɗaya na warkewa biyu na tasowa. A lokacin tana guga a wani gidan wanki. Ta gwada sabulai har Umma ta ce banɗakinmu ya koma kanti. Daga ƙarshe ta je asibiti, likita ya rubuta mata wani kafso na kashe ƙwayoyin cuta, ya ce ta sha na 'yan watanni ta dawo. Kafin watannin su cika fuskar ta kwanta, ta yi sumul kamar ba a taɓa komai ba.

A wannan tsakanin ne Madam ta kai labulayen gidanta wanki. Ta tsaya tana kallon Yaya ta cikin tururin guga, ta tambaye ta wane mai take shafawa. Yaya ta ce babu. Madam ta ce daga yau akwai.

Aikin ke nan. Madam tana haɗa man da kanta, Yaya kuma ita ce tallarsa. Mace za ta shigo da fuskarta a lulluɓe da hoda, ta tambaya a hankali ko man yana aiki. Yaya ba ta taɓa rantsuwa ba, ba ta taɓa cewa e ko a'a ba. Sai ta matso kusa da fitila ta ce, «Ni dai ga fuskata.» Duk ƙarshen wata Madam tana ba ta kwalba ɗaya ta shafa. Sau ɗaya ta gwada a goshi, washegari ta tashi da ƙananan ƙuraje, tun daga nan a diddige kawai take shafa shi. Umma ma ta samu rabonta. Takan miƙe ƙafa a tabarma ta ce duk unguwar nan babu amaryar da fuskarta ta kai diddigenta laushi.

Yaya ba ta koma wurin likita ba. Ta san abin da zai ce, don haka ta riƙa kai kwalin da ya ƙare wurin mai kemis na bakin tasha, shi kuma ya miƙo mata sabo. Ta gwada dainawa, na sani, domin ɗaki ɗaya muke kwana. Kafin wata ya zagayo sai haɓarta ta fara tauri. Ta tsaya gaban madubi tana danna wurin da yatsa, da yamma kwalin ya dawo cikin jakarta. A gida mun ɗauke shi kamar maganin ƙarin jini. Rana ta fara ƙona mata fata, ta sayi laima, maƙwabta suka ce 'yar guga ta fara jin kanta. Cikinta yakan murɗa, ta ce abincin kasuwa ne.

Abin da ban sani ba shi ne yadda take shansa. Banɗakin ginin yana can hawan ƙarshe, mukullinsa yana hannun mai gadi, kullum kuma da layi. Ita kaɗai ce a shago, in za ta hau sai ta kulle ƙofa. Da Madam ta ga ƙofa a rufe sai waya ta fara ƙara, ta ce yanzu ta ga wata ta zo ta juya. Saboda haka matan layin gaba ɗaya ba sa shan ruwa daga safe har a tashi. Suna kiransa azumin da babu lada. Da safe ba ta iya shan maganin a gida: an hana ta haɗa shi da shayin madara, in ta sha shi ciki babu komai kuma amai yake taso mata a mota. Sai hantsi ya yi, ta ci guntun burodi, ta durƙusa ƙarƙashin kanta kamar mai neman leda, inda kyamara ba ta kai ba kuma mai saye ba za ta gani ba. Ta tara yawu a baki ta haɗiye kafson a bushe, a durƙushe. Haka ta yi shekaru. Da 'yan ƙuraje suka fara leƙowa duk da maganin, ta ƙara ɗaya da yamma, tana haɗiyewa tana kishingiɗa don gajiya.

Na gama jami'a ina zaune a gida, ina aika takardun neman aiki wuraren da ba sa amsawa. Na lura Yaya ta rage cin abinci, tana jujjuya cokali a kwano tana ba Umma labarin kasuwa. Umma ta ce ko wani ne ya ce mata ya fi son siririya. Yaya ta yi dariya tana dafe da ƙirji.

Wata rana Umma ta ba ni abinci in kai mata shago, ta ce kada in dawo sai na ga kwanon babu komai. Na zauna a kan kwali. Yaya ta kai cokali ɗaya baki, ta tauna, ta tauna, ta haɗiye. Sai na ga ta kama gefen kanta da hannu biyu, wuyanta ya miƙe, hawaye na zuba ba tare da kuka ba. Ta tofa a takardar goge hannu, na ga jini a ciki. Na miƙe zan kira mutane. Daidai nan wata mata ta shigo da 'yarta. Yaya ta dunƙule takardar a tafinta, ta share ido da gefen mayafi, ta yi musu maraba da murmushi. Ta sayar musu da kwalba, ta raka su bakin ƙofa da addu'a. Da suka fita ta zame ta zauna a ƙasa. Har yanzu in na tuna, murmushin nan ya fi tsorata ni a kan jinin.

A asibiti wata likita ta tambaye ta ko tana shan wani magani, ta ce babu. Ni na buɗe jakarta na ajiye kwalin a kan tebur. Likitar ta tambayi tun yaushe. Da ta ji amsar ta ajiye biro, ta daɗe tana kallonta. Aka zura mata siririn bututu mai kyamara ta baki, aka ga miki a hanyar da abinci ke bi. Likitar ta yi mana bayani: irin wannan kafso idan ba a kora shi da ruwa mai yawa ba, a tsaye ko a zaune sosai, yakan maƙale a hanya ya narke ya ƙone wurin. Ta ce tun asali ba maganin shekaru ba ne, ƙwayoyin cutar ma da alama sun saba da shi, shi ya sa ya daina riƙe fuskar. Ta ce a daina shi yau. Sannan ta tambaya, cikin mamaki ba faɗa ba, me zai sa babbar mace ta haɗiye magani ba ruwa.

Yaya ta ce da dasasshiyar murya, «Likita, ba ki taɓa hawa bene da fitsari a mara ba, waya na ƙara a hannunki.»

Madam ta ba ta hutu, har ta aiko da lemo da ayaba, waɗanda Yaya ba ta iya ci ba. Makonni ta yi a kan romo da madara mai sanyi, cokali-cokali. Umma tana zama a bakin katifa tana kiranta uwata, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Maƙogwaro ya fara warkewa, fuska ta fara tashi. Likitar ta ba ta wani na shafawa, ta ce yana ɗaukar watanni, kuma ba ta yi mana alkawari ba. Ƙurajen suka dawo inda suka saba, haɓa da kumatu, suka ƙara da goshi. Ta daina waƙa a wurin wanki. Kowace safiya takan tambaye ni ko sun ragu, ni kuma in tsaya ina neman abin faɗa har ta ce in bar shi, ta gani a idona.

Ran da hutun ya ƙare na raka ta shago, don har lokacin jiri yana ɗibarta. Madam ta zo da kanta. Ta yi mata sannu, ta kama haɓarta da yatsu biyu ta juya ta wajen fitila, dama da hagu, kamar mai duba tukunya. Yaya ta faɗa mata komai, kafson da kemis da diddige. Na zaci za ta fusata. Ko fuskarta ba ta canza ba.

Ta ce, «Ni ban taɓa tambayarki abin da kike sha ba, yanzu ma ban tambaya ba.»

Ta ce ba ta mance alheri ba, amma shago ba ya tsayawa da wannan fuskar a gaba. Tana magana idonta yana kaina. Ta tambayi wane mai nake shafawa. Sannan ta kawo shawara: akwai ɗan ɗakin ajiya a bayan shagon, mai labule, Yaya za ta iya zama can tana cika kwalabe da manna takarda a kan abin da bai kai rabin albashinta ba, in dai ƙanwarta za ta tsaya a kanta. In ba haka ba, tana da 'yan mata da ke jira, kuma su ba su da yaya.

A gida na ce ba zan yi ba. Na ce ban yi karatu don in tsaya ina nuna kumatu ba, kuma man ba ya aiki, mu ukun mun sani. Na ce wani kamfani ya ce zai kira ni. Umma ta ce ita ba ta da bakin magana, ta tashi ta shiga kicin tana ƙarar da kwanukan da an riga an wanke. Yaya ta bari na gama. Tana zaune a bakin gado da mayafinta ba ta cire ba.

Ta ce, «Digiri, ba roƙonki nake ba. Haya tana zuwa, maganin Umma saura kaɗan. Ko ke ki tsaya a gaba, ko ni in koma wurin mai kemis. Wannan karon zan sha da ruwa.»

Na ce likita ta ce ya daina aiki. Ta ce akwai wani iri, mai kemis ya taɓa nuna mata, ya fi ƙarfi. Ba barazana take yi ba. Na san muryarta ta wasa da ta faɗa, wannan muryar da take tambayar farashin kaya ce.

Yanzu ni nake buɗe shagon. Yaya ce ta koya mini inda ake tsayawa fitila ta haska gefen fuska, da yadda ake riƙe kwalba murfin yana kallon mai saye. Duk safiya ina shafa haɓata da yatsa kafin in buɗe ido, in na ji wani ɗan tudu gabana ya yi ta faɗuwa har rana. Ɗakin ajiyar ba shi da taga. Ina jin motsinta a bayan labule, ƙarar cokali a bakin kwalba, wani lokaci tari. Tsofaffin masu saye suna tambaya ina mai kyan fatar nan, Madam ta ce in riƙa cewa ta yi tafiya.

Makon jiya wata budurwa ta shigo da kayan ma'aikatan gidan mai a jikinta. Ta jira sai da shagon ya zama babu kowa, sannan ta janye mayafi daga haɓarta. Irin na Yaya ne sak, manya, wasu sun yi baki. Ta ce wurin aiki suna ce mata garin ƙuraje. Ta kalli fuskata ta tambaya ko wannan man ne. Maganar da aka koya mini ta ƙi fita, wata kuma ba ta zo ba. Ta ɗauki shirun a matsayin amsa, ta ce in ba ta babbar kwalba.

Babu babba a kan kanta, na juya na faɗa wa labule. Ƙarar cokali ta tsaya. An daɗe, har budurwar ta fara duba wayarta. Sannan hannun Yaya ya fito ta gefen labulen riƙe da ƙaramar kwalba, na ji muryarta ƙasa-ƙasa, iya kunnena.

«Ki ce mata ta fara da wannan.»

Na faɗa mata. Budurwar ta girgiza kai, ta ce ta gaji da gwaji, babbar take so. Hannun ya koma ciki, ya sake fitowa da babbar.