Furen da Ya Cinye Sunaye Tamanin da Uku

Shekara ashirin da shida Mai Rajista ta yi a ɗan ofishin da ke bayan ɗakin malamai, ita da fanka mai ƙara da kabad ɗin da ba ya rufuwa. Aikinta shigar da sunayen ɗalibai masu jarrabawar fita, kuma suna bai taɓa ɓacewa a hannunta ba. Da wannan take taƙama, har takan ishi mutane.

Ba wani ilimin kwamfuta gare ta ba, kibiyar linzamin kwamfuta da ke yawo a allo kawai ta iya karantawa. In kibiya ce a allo, hanya a buɗe take. In ta koma ɗan hannu, a danna. In kuwa ta zama da'ira mai juyawa, kwamfuta na aiki ke nan, sai ta naɗe hannu ta jira, ko da shugaban makaranta ne tsaye a kanta.

Autarta ta karanci haɗa manhajar kwamfuta, makarantar kuma ta ba ta aikinta na farko, sabuwar manhajar rajista. Don ta faranta wa uwarta, Auta ta cire kibiya da hannu da da'ira, ta zana ɗan jan fure a madadinsu. Fure ɗaya tak, ba ya canjawa ko me ake yi. Mai Rajista ba wanda ba ta kira ya gani ba, har mai gadi.

Ranar rufe rajista ta shigar da ajin ƙarshe, ta danna adanawa. Fure na nan tsaye abinsa. Ta ɗauka an gama, ta kashe kwamfutar daga bango ta tafi gida. Ashe adanawar ko rabi ba ta kai ba, kuma haka aka tura jerin washegari.

Bayan sati uku katunan jarrabawa suka iso, babu na aji guda. Yara tamanin da uku! Mai Rajista ta ƙirga sau huɗu, ta zauna a ƙasa. Kafin azahar iyaye sun cika baranda suna ihu.

Aka kira Auta. Ta duba, ta gane abin da furenta ya yi.

Shugaban makaranta ya ce, "Ku faɗa mini gaskiya. Manhajar ce ko mutum? In manhajar ce, yau za mu cire ta, kuma makarantun da ke jiranta za su ji."

Auta ta buɗe baki, uwar ta riga ta.

"Ni ce, ranka ya daɗe. Gaggawa na yi."

Shi kansa shugaban sai da ya cire tabarau ya sake kallonta. Da kyar da roƙo aka samu aka shigar da yaran, ita kuma aka mayar da ita ɗakin ajiyar littattafai.

A hanyar gida Auta na kuka. "Umma, me ya sa? Laifina ne fa!"

"Na sani. Ke yanzu kika fara, ni na kusa gamawa." Ta gyara riƙon jakarta. "Gobe ki mayar musu da kibiyarsu da da'irarsu. Wadda za ta zauna a kujerata ba uwarki ba ce."