Malam Sabo Mai Shanu da Kwalbatin Tudun Ƙirya

Matso nan ka samu gefen tabarma in ba ka labarin Malam Sabo Mai Shanu. In ma sauri kake yi gara ka zauna, don mutumin da za mu yi zancensa bai taɓa sanin wani abu wai shi sauri ba.

A Tudun Ƙirya aka haife shi, wani ƙauye tsakanin Gezawa da Zakirai, inda gonar wannan ke jingine da ta wancan, in ka yi atishawa a taka maƙwabci ya amsa maka daga tasa. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba. Abu biyu ya gada wurin mahaifinsa: shanun huɗa da gaisuwa. Shanun dai akan sayar a sake wasu, na yanzu su ne Fari da Danja. Gaisuwar kuwa tana nan yadda ya karɓe ta, ko ƙwaya ba ta zube ba.

In Malam Sabo ya tare ka zai tambayi kwananka, da gajiya, da iyali, da tsohuwa, da ƙafar nan da ta yi maka ciwo bara, da akuyar da ya ji ta haihu. In ya ce "To madalla," ka ɗauka an gama, sai ya ja numfashi ya ce, "Ina kwana dai?" Matarsa Tahira takan ce ranar da ya fara zuwa zance wurinta tun la'asar yake gaishe ta, har aka kira magariba bai faɗi abin da ya kawo shi ba. A bakin ƙanin babanta ta ji cewa wai sonta yake yi.

To, akwai wani rafi tsakanin ƙauyen da titin da ke zuwa Gezawa. Damina uku da suka wuce ruwa ya yi awon gaba da kwalbatinsa. Tun daga nan, da Agusta ta kama, ɗan acaba sai ya tsaya a tsallake, mai kai kuɓewa kasuwa ya ɗora kwando a ka ya naɗe wando, mara lafiya kuwa sai amalanken Malam Sabo.

Da damina ne majalisar Abuja kan tafi dogon hutu. Ɗan majalisar yankin, Onarabul Abdulhadi, ya dawo gida, aka yi shela a rediyo cewa ranar Talata zai saurari koken jama'a. Mai unguwa Khalilu ya tara dattawa, suka ce wa za a sa ya roƙi kwalbati? Aka ce Malam Sabo, shi ya fi kowa ladabin magana, shi kuma ya fi kowa sanin rafin. In aka rasa wannan dama, sai wani hutun, baɗi war haka.

Da safen Talata Malam Sabo yana ɗaura rawani Tahira ta ce, "Malam, don girman Allah ka fara da kwalbatin, in ya so ka gaishe shi daga baya."

"Haba Tahira, in faɗa wa mutum da buƙata kamar mai tare hanya? Gaisuwa ai ita ce ƙofar magana. Wa kika taɓa gani ya shiga gida ta katanga?"

"Ƙofar ce dai kake kwana a bakinta," in ji ta.

A gidan Onarabul an kafa rumfa, an jera kujerun roba. Sakatarensa, wani mai tumbi da wayoyi uku da ake kira Jamil, ya sanar cewa kowane ƙauye minti biyar ne, domin jibi Onarabul zai tashi zuwa ƙasar waje taron sauyin yanayi. Aka zo kan Tudun Ƙirya. Malam Sabo ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, barka da sauka. Ya hanya? Ya Abuja? Ya sauran 'yan'uwanka na majalisa, duk suna lafiya? Ya jikin mahaifiyarka Hajiya Inna?"

Onarabul yana ta amsa "lafiya lau," mai unguwa yana ta zungurin Malam Sabo da gwiwar hannu. Ana cikin haka Malam Sabo ya tuna kawun Onarabul ya rasu shekara biyu da suka wuce, kuma bai samu yi masa gaisuwa baki da baki ba. Ya ɗaga hannu ya ce a yi wa mamaci addu'a. Wa zai katse addu'a? Rumfa duk ta ɗaga hannu. Ana shafawa Jamil ya dubi agogo ya ce, "Baba, lokaci ya yi."

"Ai ban fara ba, ɗan nan."

"Na gaba," in ji Jamil.

A hanyar komawa, suna tsakiyar rafi ruwa iya ƙugu, mai unguwa ya ce, "Malam Sabo, kwalbati muka aike ka nema, ka kai musu Fatiha." A gida Tahira ta ajiye masa tuwo, sai da ya kai loma baki ta ce, "Ya Abuja?"

Ranar Alhamis aka kwana ana ruwa aka wayi gari ana yi. Onarabul ya je ta'aziyya wajen Zakirai, lokaci ya ƙure, direbansa ya ce a yanke ta Tudun Ƙirya, don taswirar da ke cikin wayarsa har yanzu tana nuna kwalbati a wurin. Baƙar jif ta ratsa ƙauyen a guje, ta faɗa rafi, ta cije a tsakiya.

Kafin ka ce kwabo gari ya cika bakin rafi. Malam Sabo ya ɗaura wa Fari da Danja karkiya, ya saɓa sarƙa, ya kutsa ruwa har jikin tagar mota. Ga Onarabul ya tattare ƙafafu a kan kujera, takalmansa suna yawo a ƙasa kamar agwagi.

"Salamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da zuwa garinmu. Ina wuni? Ya gajiyar shekaranjiya?"

Jamil ya leƙo daga kujerar gaba. "Baba, jirgi ƙarfe huɗu zai tashi. Ɗaura sarƙar nan."

"Yanzu kuwa. Ranka ya daɗe, ya ruwa?"

Ka san dai a ƙasar nan amsar wannan gaisuwa ɗaya ce tak, ko rufin ɗakinka ne ya faɗo maka. Onarabul ya dubi ruwan da ke lasar kujerarsa, ya dubi jama'ar da ke jira, ya ce, "Ruwa ya yi gyara."

"To madalla," in ji Malam Sabo, sannan ya ɗaura sarƙa.

Shanu suka yunƙura, mota ta fito, amma ta baya, ɓangaren ƙauye, don nan shanun suke tsaye. Inji ya sha ruwa ya ƙi tashi, rafi kuma yana nan a gaba. Dole aka jawo amalanke. Onarabul ya tsuguna a kai rungume da jaka, babbar riga a naɗe a wuya, amalanke na tangaɗi. A tsakiyar ruwa ya ce, "Baba, kullum haka kuke fama?"

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, sai godiya."

Da suka kai tsallake, kafin ya hau bayan ɗan acaba, Onarabul ya kama hannun Malam Sabo ya ce, "Baba, faɗi abin da kake so in yi maka." Can a ɗaya gaɓar mai unguwa yana ta zana kwalbati a iska da hannu biyu, har hularsa ta faɗa ruwa. Malam Sabo ya gan shi sarai. Amma ina aka taɓa roƙon baƙo yana cikin wahala, kamar ka sayar masa da taimakon da ka yi? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya kai ka lafiya. A gaida mutanen ƙasar wajen, da iyalansu."

Kwana biyu Tahira ba ta amsa masa ko ina kwana ba, wanda a wurin Malam Sabo ya fi duka zafi.

Jif ɗin kwananta goma sha ɗaya a gindin tsamiyar ƙofar gidansa kafin ruwa ya janye, har kazar Tahira ta fara ƙwai a ƙarƙashinta. Onarabul kuwa ya samu jirgi da taɓo a gindin wando. Ran nan sai ga muryarsa a rediyo, yana cewa ya shaida wa taron duniya shi ba a takarda ya karanta ambaliya ba, a kan amalanke ya tsallake ta. Da kaka ta yi sai ga tifa da yashi da siminti da rodi. Kafin ruwan fari ya sauka kwalbati ya tsaya da ƙafarsa.

Ranar buɗewa aka miƙa wa Malam Sabo lasifika ya yi godiya a madadin gari. Jamil ya ɗaga agogo, Onarabul ya danne masa hannu ya ce, "Ƙyale shi, na ga abin da minti biyar ta jawo mini." Shinkafa ta huce a tukunya, aka kira azahar, Malam Sabo bai iso kan godiyar ba, yana kan tambayar lafiyar direba.

Har yau gardama ba ta mutu ba a Tudun Ƙirya. Mai unguwa ya ce rafi ne ya yi wa kansa magana. Tahira ta ce Fari da Danja ne suka isar da saƙo, su ya kamata a naɗa wa rawani. Malam Sabo kuwa cewa yake yi mutumin da ka gaisar yadda ya kamata ba sai ka roƙe shi ba. To kai da ka zauna ka ji, a cikin ukun nan, rafi da shanu da Malam Sabo, wa za ka aika wurin Onarabul in hutun baɗi ya zo, ga rufin makarantar garin yana yoyo?