Dorinar Baba Ayuba

Har gobe ban manta da safiyar da na saka Baba Ayuba a jirgin ruwa ba. Tunda kun matsa sai na ba ku labari, to ku gyara zama. Kai mai danne-dannen waya a baya, ajiye ta tukuna.

A ranin da ya biyo bayan komawar sojoji bariki a 1999, ina mataimakin jami'in kula da namun daji a wata tasha da ke bakin kogin Binuwai. Aikinmu hana farauta, ƙirga dabbobi, da rakiyar baƙi masu son ganin dorina da kada da tsuntsaye. Iyalina kuwa suna nan Kano, a unguwar Gyadi-Gyadi, sai na sami hutu nake leƙo su.

Baba Ayuba maƙwabcinmu ne, mutumin Kudancin Kaduna, kuma shi ya koyar da ni a firamare a Tarauni. A wani hutu na shiga gaishe shi, na tarar yana laluben kofin shayin da ke gabansa. Matarsa Mama Rifkatu ta ja ni gefe ta ce likita ya gaya musu ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar idon ce take mutuwa, kuma abin da ya rage masa kaɗan ne.

Da na koma na zauna sai ya ce, "Sani, shekara da shekaru ina zana muku dorina a allo, alhali ni ma a littafi na gan ta. Ka kai ni in gan ta kafin idon nan ya gama tafiya."

Mama ta yi caraf ta ce, "Dorina kuma? Wadda sojoji suka yi ta zuba wa mutane a layin mai ba ta ishe ka kallo ba?" Ita bulala ta sani, baiwar Allah. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "Mai ƙafa huɗu, Rifkatu, wadda daga fatarta ake yanko bulalar." Ta ce in dai ruwa za a shiga, to ƙafarta ƙafarsa.

Na koma bakin aiki na rubuta wa babban jami'inmu neman izini, kamar yadda tsari yake. Ya sa hannu, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: Adi ne zai tuƙa. Adi dattijo ne ɗan ƙabilar Jukun, a kan ruwan nan ya girma. A takarda ni ne gaba da shi nesa ba kusa ba. Amma dokarmu ita ce, da zarar jirgi ya bar gaɓa, maganar matuƙi ce magana. Ba a miƙewa tsaye, ba a ɗaga murya, kuma ba a matsa wa dorina, sai dai a tsaya daga nesa kamar tsawon filin ƙwallo. Kada ku ga kamar raguwa ce, in ta fusata jirgi irin namu cizo ɗaya take masa.

Bayan mako biyu suka iso a mota. Washegari da hantsi muka sa musu rigunan kariya, Mama ta kama hannunsa ta yi addu'a, ni da Adi muka ce amin, aka tayar da inji. Tun daga nan Mama ta zama idonsa. "Ga wani kada can a kan yashi, baki a buɗe, ko kunya babu! Ga zalɓe, ga birai a kan itace!" Baba yana ta "To, to, madalla," amma na lura ba inda take nunawa yake kallo ba.

Da muka kai wata kwana mai zurfi, Adi ya kashe inji, ya ƙwanƙwasa gorar tuƙi a jikin jirgi. Haka ake yi don su san da zuwanka, kada ka auka musu ba zato. Sai ga kawuna suna ɓullowa, kunnuwa na kaɗawa. Na ƙirga uku. Na ce, "Baba, ga su can!"

Ya ce, "Ina? Ina suke?" Na sa masa madubin hangen nesa, na gyara, na sake gyarawa. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini, ya ce a hankali, "Ba komai, Sani. Ruwa kawai nake gani, amma ka yi ƙoƙari."

Wallahi sai na ji kamar an soke ni. Mutumin da ya koya mini riƙe fensir, na jawo shi tun daga Kano, a ce ya koma haka? Na ce, "Adi, matsa."

Ya ce, "Oga, ba zan matsa ba. Akwai mai goyo a cikinsu."

"Ni ban ga wani ɗa ba. Na ce ka matsa!"

"Oga, in mun sauka ka kore ni. A nan dai ba zan matsa ba."

Ku da kuka san ni kun san zuciyata a kusa take. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, ni da nake koya wa baƙi doka. Jirgi ya karkata, Mama ta ƙwalla "Yesu!", ɗaya daga cikin dorinan ta buɗe baki ta juyo. Sai na ji wata murya da rabona da ita tun ina aji huɗu: "Sani Garba! Zauna!" Ai kuwa na zauna daram, da gemuna da kakina. Ya ce, "Da matata a ciki za ka kifar da mu saboda idona? Bar mutum ya yi aikinsa."

Sannu a hankali dorinar ta lafa. Can sai Adi ya matso a tsugune, ya zura gorar cikin ruwa, ya ɗora ɗaya bakin a ƙashin kunnen Baba. Ya ce, "Baba, riƙe nan, kada ka yi motsi. Suna hira a ƙasa." Ashe haka masuntansu suke gane inda dorina take tun kafin ta ɗago. Shekarata shida a tashar nan ban taɓa tambayarsa ba.

Baba ya runtse ido. Da farko ba komai, sai na ga fuskarsa tana buɗewa. "Rifkatu, wata tana gurnani! Ga wata ta amsa!" Sai babban namijinsu ya ɗago ya saki kukan nan nasu mai shiga ƙirji, har katakon jirgi ya amsa. Baba yana dariya, hawaye na zuba, ya ƙi sakin gorar har rana ta fara zafi.

Da muka sauka na buɗe rajistar baƙi, inda ake rubuta abin da aka gani. Na rubuta ina faɗa, "Dorina uku." Baba ya ce, "Huɗu. Akwai ƙarama mai siririyar murya, tana manne da uwarta." Na dubi Adi, ya gyaɗa kai. Na goge na rubuta huɗu, sannan a gaban kowa na ba Adi haƙuri.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, tausayin baƙo yana iya sa ma'aikaci ya halaka baƙon. In abu ya cije muku, kafin ku tuna da muƙaminku, ku juya ku tambayi wanda ke riƙe da gora, ko da sunansa ne na ƙarshe a jerin ma'aikata.

Kafin damina ta sauka idon Baba ya rufe gaba ɗaya. Duk wanda ya shiga duba shi a Gyadi-Gyadi sai ya sha labarin kogin nan, kuma har Allah ya karɓi abinsa ban taɓa jin ya ce "na ji dorina" ba. Cewa yake, "Ranar da na ga dorina."