Tabarma Ɗaya da Yaya Lawali

Wata Litinin ce da yamma, cikin watan Janairun da ya biyo bayan daminar da kogin Isa ya shigo mana unguwarmu Kirkissoye, aka jera mu a gindin itacen dogon yaron da ke tsakiyar lakwal ɗinmu, wato makarantarmu ta boko. Ina da shekara bakwai, ina aji biyu. Madam Ramatu, wata malama siririya mai tabarau wadda ba ta taɓa koyar da ajinmu ba, ta zauna kan benci da ƙaramin littafi a hannu tana kiran yara ɗaya bayan ɗaya. In ka zo sai ta ɗora yatsa a kan layi ta ce ka karanta, daga nan ta nuna maka inda za ka zauna. Tabarmi uku aka shimfiɗa, ta masu karanta labari, ta masu haɗa kalma, sai ta waɗanda ko baƙaƙe ba su gama sani ba. Ni ta ukun aka nuna mini, ban kuma damu ba tunda duk ƙawayena suna can. Ina cikin gyara zama sai na hango yayana Lawali, ɗan shekara goma sha uku da ke aji biyar, yana tahowa wajenmu kansa a sunkuye. Na zata saƙo ya kawo mini daga gida. Sai kawai ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya zauna kusa da ni.

Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Ruwa ya ci gonakin shinkafar da ke bayan unguwa, ya bi lungu ya jiƙa ginin laka har ɗakuna suka riƙa zubewa. Namu biyu suka faɗi. Da mu da maƙwabta aka kwashe aka zuba a cikin lakwal, aka jingine bencuna a bango, kowane iyali ya raba wurinsa da zane. Inna ta kafa murhu a ƙofar aji uku, Baba kuma, wanda tela ne da ya zo Niamey daga Dogondoutchi tun yana saurayi, ya ajiye kekensa a ƙarƙashin babban allo yana ɗinki. Mu yara daɗi muka ji, muna langa da ƴar gala-gala a filin da a da ba a barinmu mu yi gudu. Lokacin komawa karatu ya zo ya wuce muna ciki. Da aka samu aka tashe mu, aka wanke azuzuwan, ba a yi nisa ba malaman kwantaragi suka shiga yajin aiki saboda albashi. Haka rabin shekara ta tafi, mun kwana a makaranta fiye da yadda muka yi karatu a cikinta.

Amma matsalar Yaya ta girmi ruwan. A ajinsu yara sun yi yawan da malami ba ya iya bi ta tsakaninsu. Mushe, wato malamin, zai karanta layi, aji ya amsa da murya ɗaya, ya sake, a sake, har a buga gangar tashi. Yaya kuwa Allah ya ba shi kunne. Abin da ya ji sau biyu ya zauna ke nan. A gida sai ya buɗe littafi a gaban Baba ya yi ta zuba faransanci tiryan-tiryan, har da juya shafi a daidai wurin juyawa, Baba yana taka keke yana gyaɗa kai, shi da karatunsa na allo ne, bai san boko ba. Ko masu kawo ɗinki sai ya ce musu, "Ku ji mini yaron nan." Shekara biyar ana haka. Ya taɓa maimaita aji sau ɗaya, aka ɗora laifin kan zazzaɓi. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi shi kaɗai ya nuna masa shafin da bai taɓa ji ba, sai ranar Litinin ɗin nan.

Abin da ya kawo tabarmin shi ne gwamnati ta ware kuɗi don a cike wa yara giɓin karatun da suka rasa. An faɗa a rediyo, an kawo sababbin alluna ƙanana da alli da kwalin littattafai, aka ce malaman da za su tsaya da yamma za a ba su wani abu a kan albashi. Wata farar mota ta zo da mutane masu manyan riguna, suka ɗauki hotonmu muna ɗaga alluna sama, suka tafi. Da labarin tabarmar Yaya ya isa gida, Baba ya tsayar da kekensa. Ya ce, "Ashe duk shekarun nan waƙa kake yi mini." Ya ce ya ba shi zuwa ƙarshen shekara. In ya wuce aji shida, to, ya ci gaba. In aka ce ya sake maimaitawa, karatu ya ƙare, akwai abokinsa mai faba-faba, irin ƙananan motocin nan na haya, da ke neman apranti, wato yaron mota. Baba ba mugu ba ne. Mutum ne da ɗakunansa biyu ke ƙasa.

Kwanakin farko na tausaya wa Yaya ƙwarai. Ƴan ajinsu sukan leƙo ta katanga suna ce masa baban yara, wasu su tambaye shi ko an ba shi nono. Sau biyu ya yi dambe a hanyar gida. Ga aiki yana jiransa, don da safe kafin lakwal shi ke turo kurar ruwa daga famfo, in an tashi da rana ya taya Baba kwaɓa laka ana buga tubali, sannan ya wanke ƙafa ya ja ni mu koma. Sau da yawa da busasshiyar laka a gwiwar hannu yake zama. Ni nawa shara ne da wanke-wanke da tsinke zogalen da Inna ke yin kopto, wato kwaɗo, na sayarwa, amma ni ma nakan yi gyangyaɗi a kan allo. Madam Ramatu ba ta da yawan fara'a, ba ta kuma lallashi. Abu ɗaya ta yi masa, ta ce shi ne mai raba alli da tattara alluna, sai zamansa a cikinmu ya zama kamar na mai aiki. In ya fara zuba abin da ya haddace sai ta rufe littafin ta ce, "Ba kunnenka nake so ba, Lawali, idonka nake so."

Sannu a hankali idon ya fara buɗewa. Wata rana Inna tana haɗa miya ta ce ya miƙo mata gwangwanin tumatir. Ya ɗauka, ya tsaya yana juya shi, leɓensa na motsi. Sai muka ji ya ce, "To, ma, te." Ya sake faɗa da ƙarfi. Inna ta ce, "To da me ka zata ke ciki, zuma? Miƙo mini albasa na ƙonewa." Amma na ga ta juya baya tana share ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne. Daga ranar ba mu sake hutawa ba. Buhu, kwalin ashana, allon shago, bayan mota, duk sai ya tsaya ya haɗa, har in gaji in wuce in bar shi. Kafin zafi ya kankama an ɗaga shi zuwa tabarma ta biyu, ni ina nan inda nake. Ya yi mini gwalo, na yi kuka, Inna ta raba mu.

Daga nan abin ya fara sanyi. Aka ce kuɗin zango na biyu ba su sauko ba, suna hanya. Malamai biyu da ke riƙe da sauran tabarmin suka daina tsayawa. Madam Ramatu ta haɗa mu duka ta ci gaba ita kaɗai na ɗan lokaci, alli ya ƙare ta riƙa karya nata gida biyu. A Banifandou take zaune, sai ta shiga mota biyu ta ƙetare gada kafin ta iso mu, ga nata albashin ma ba ya zuwa kan lokaci, ga jariri a gida. Ranar da ta sallame mu ba ta yi dogon bayani ba, ta ce in kuɗi sun zo za a kira mu. Ban taɓa ganin laifinta ba, har yau. Aka naɗe tabarmin aka kai ofishin direkta. Yaya ya ci gaba da zuwa yana leƙawa da yamma, har mai gadi ya ce masa ya daina wahalar da kansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda aka sauke shi. Da can yana da dabararsa, yana zuba hadda ana ce masa gwani. Yanzu ya san haddar ba karatu ba ce, ya ƙi komawa gare ta, karatun gaskiyar kuma bai yi ƙwari ba. In Mushe ya tashe shi a aji sai ya tsaya yana haɗa kalma ɗaya-ɗaya da yatsa, aji na dariya, Mushe na cewa yaron nan baya yake ci. Na yi ƙoƙarin taya shi, amma me ƴar aji biyu ta sani? A jarrabawar ƙarshen shekara yana tsakiyar karanta tambayoyi aka karɓe takardu. Aka ce ya maimaita. Baba bai yi faɗa ba, Yaya ma bai roƙa ba. Da aka dawo daga hutu ni kaɗai na ɗauki jaka, shi kuma yana rataye a ƙofar faba-faba yana kiran fasinja.

Yanzu ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Koira Kano, can ƙetaren gada, Yaya kuma ya zama direba, yana da mata da yara uku. Yana karanta allon hanya da sunan da ya fito a wayarsa, amma doguwar takarda sai ya kawo mini, ya ce idonsa ne ke ruwa. An yi wa lakwal ɗinmu sabuwar katanga, yara sun ƙaru, azuzuwan zana sun cinye filin langa. Kwanan baya aka sake cewa an ware kuɗin darussan yamma, aka kuma zaɓi babban ɗansa, Sanusi. Yaya ya same ni a wurin aiki ya ce, "Hadiza, ke kika iya magana da su. Je ki tambaya mini ko za su kai ƙarshe. In na rabin hanya ne, su bar mini yaro yadda yake." Na je na tambaya. Direktan, wani dattijo mai kirki, ya buɗe hannuwa ya ce shi ma abin da yake so ya sani ke nan. Na dawo na ce wa Yaya ya bar yaron ya je, in sun tsaya ni zan ɗora. Ya dube ni ya ce, "Ke ma gajiya za ki yi." Ban musa masa ba, don na san nisan gadar nan da yamma bayan an tashi aiki. Na tsaya ina kallonsa yana komawa mota, mutumin da ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Ƴan watanni kawai suka rage masa ya iya karatu lokacin da aka naɗe tabarmin.