Jinin Shanun Iya Tabawa

Kakata Iya Tabawa ba ta yin tatsuniya kyauta. A ƙauyenmu na bayan Yankara, da an idar da sallar isha'i sai ta zube mana gyaɗa a bakin murhu, ta ce mai son labari ya sa hannu. Muna ɓara, hayaƙin kara na cin idanunmu, fararen shanunta na tuƙa a bayan danga.

"Ga ta nan tahe, ku matsa mata," in ji ta. "Ke kuma Hansai, uwar baki, kika tanka na datse ta."

Wai wasu 'yan'uwa ne. Babban yana kiwon shanu mata su haihu, mai bi masa yana karɓar maruƙa ya turke su yi ƙiba, autan mahauci. Kowa daga hannun ɗan'uwansa yake ci. Ran nan babban ya ga bijimi ya fito daga tafki, ƙato kamar rumbu. Ya sakar masa garkensa, ya kama ɗan bijiminsa na gado ya yanka, aka yi shagali. Maruƙa suka zo manya-manya, gari ya yi ta kallo. Da tafkin ya ƙafe aka ce a tashi, sai suka durƙushe, don ba su san ƙishirwa ba, ba su san tafiya ba. Mai turke ya rasa na turkewa, wuƙar mahauci ta yi tsatsa.

Bakina bai haƙura ba. Na ce, "Iya, ai laifin bijimin ruwa ne."

"Ku ji ja'ira! Baƙo aikinshi ya yi. Wa ya aiki wawan ya yanka na gida?"

Da na yi aure, karsana biyu ta ba ni daga garken nan, suka yi ta haihuwa. Bayan shekaru malamin dabbobi ya kawo allurar irin shanun waje. Sannan ina zuwa makarantar manya, na tsaya na ji bayaninsa da kunnena: a gauraya wasu, a bar wasu, kada a taɓa bijimin gida. Maigidana Malam Sani rabin farko kawai ya ji. Ya dandaƙe bijimina ya turke shi don kasuwar babbar sallah.

Na ce, "Malam, nawa ne fa."

Ya ce, "Daga koyon baƙi sai koya mani kiwo?"

Maruƙan allurar sun yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma da 'yan bindiga suka tashe mu muka nufi Faskari a ƙafa, ruwa-biyun nan suka kwanta tun rana ba ta take ba. Muka bar su a hanya. Farare ne suka iso, tsofaffi, kuma zaman gari ya cinye su saura ɗaya.

Ina yarinya na ɗauka labarin kwaɗayi Iya ke ba mu. Yanzu na lura, a duk tatsuniyar ba a ji muryar matar babban ba, alhali ina da yaƙinin ta yi magana. Saniyar da ta rage mani ta daina ɗaukar ciki. Gobe mahauci zai zo. Malam ya ce shi zai yi cinikin, na ce ya zauna, wannan da bakina zan sallama ta.