Mutumin da Ya Ƙi Cike Fom

Shekara talatin da ɗaya Tjark Oltmanns ya yi yana aiki a asibitin zuciya na garinmu, kuma ni ce sanadin barinsa aikin.

Ɗan wani ƙauye ne da ke bakin teku. Yana da shekara sha biyar ya bar makaranta ya shiga jirgin masunta, aka sa shi a ɗakin inji. Da ya yi aure, matarsa Antje ta ce ita ba za ta iya zaman jiran miji wata uku-uku ba, sai ya sauko ya nemi aikin lebura a inda ake gina asibitin. Da shi aka shimfiɗa bututun ruwa, da shi aka kafa janareta. Da aka gama ginin aka riƙe shi yana kula da injuna. Kowa Baba yake ce masa, har manyan likitoci. Idan ya tsaya a ƙofar ɗakin injin ɗumama ya karkata kai ya saurara, zai gaya maka famfon da zai lalace kafin sati ya zagayo. A duk shekarun nan wuta ba ta taɓa ɗaukewa ana tsakiyar tiyata ba.

Ni nas ce, sunana Frauke. Lokacin ina sabuwa shi ya gyara min birkin keke, kuma kullum ƙarfe goma sai ya ajiye min shayi da madara a ɗan ɗakinsa na ƙasa.

Shekarar da hukumar asibiti ta ce dole mu samu takardun shaida uku, ta ingancin aiki, ta kula da muhalli, da ta kariyar ma'aikata da marasa lafiya, ni aka ɗora wa nauyin. Na ji daɗi ƙwarai. Dokar masu tantancewa ɗaya ce: aikin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Na tsara fom na komai, na shara mai cuta, na ƙofofin gobara, na gwajin janareta. Kowane sashe ya yi gunaguni ya bi. Baba Tjark kaɗai nasa suke dawowa fari fat.

Na sauka na same shi yana goge hannu da tsumma.

"Baba, ina fom ɗin gwajin janareta?"

"Na gwada shi, 'yar nan. Lafiyarsa lau, ya fi ni lafiya ma."

"Na sani. Rubutawa za ka yi."

Ya shafa aljihu. "Ka ga tsiya, na bar tabarau a gida."

"Wancan satin ma haka ka ce."

"To ke da kike da biro har uku a aljihu, cike mana. Ni in faɗa, ke ki rubuta."

Da na yi hakan, da shi ke nan. Amma a lokacin gani nake raini ne, tsoho ba ya son yarinyar da ya gyara wa keke ta ba shi umarni. Na ce, "Ni ba sakatariyarka ba ce." Ya yi 'yar dariya ya ce shayina zai huce. Ban sha ba.

Masu tantancewa suka zo a watan Maris, su biyu, suka kwana uku. Ɗaya daga cikinsu ya miƙa wa Baba takardar matakan da ake bi idan wuta ta ɗauke, ya ce ya nuna masa mataki na huɗu. Baba ya riƙe takardar ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye ta ya ce, "Malam, zo in nuna maka da hannu." Ya kuwa nuna, babu kuskure ko ɗaya. Duk da haka mutumin ya rubuta cewa sashen injuna ba shi da bayanan aiki. Muka samu shaida biyu, ta kariya aka ɗage mana wata shida.

Raina ya ɓaci matuƙa. A rahoton da na kai wa hukuma na rubuta cewa Oltmanns ya ƙi ba da haɗin kai da gangan. Aka kira shi, aka ce ko ya je kwas na sati biyu mai jarrabawa a ƙarshe, ko ya yi ritaya da wuri. Ko musu bai yi ba, ya zaɓi ritaya. Ranar bankwana Antje ta gasa kek na tuffa tire biyu. Ya zagaya ya gaisa da kowa, ni ma ya ba ni hannu ya ce, "Allah ya ba ki takardarki, Malama." Bai taɓa ce min Malama ba sai ranar.

Muka samu shaida ta ukun a kaka. Aka sa su a firam aka rataye a zauren shiga.

Bayan shekara biyar aka kawo shi asibitin, za a yi masa aikin zuciya. Na hangi Antje a teburin karɓar marasa lafiya tana karanta masa takardar amincewa a hankali, layi-layi, tana nuna masa inda zai sa hannu. Da aka wuce da shi na matsa na gaishe ta, na tambaya ko idonsa ne ya ƙara rauni.

Ta dube ni. "Idonsa garau yake. Tjark bai iya karatu ba, Frauke. Sunansa kawai yake iya rubutawa, sai lambobi. Ashe ba ki gane ba? Shi yana ganin kin gane, shi ya sa ya daina iya kallon idonki."

Ta ce daren da za a yi tantancewar... a'a, ta gyara, sati guda cur ta yi tana karanta masa takardun yana haddacewa, amma da mutumin ya ce mataki na huɗu, sai komai ya ruɗe masa.

Aikin ya yi kyau. Kwana biyu bayan haka na shiga ɗakinsa da niyyar neman gafara. Na zauna, na buɗe baki, sai ya riga ni.

"Kin yi ƙiba, 'yar nan. Ofis ya karɓe ki."

Muka yi dariya, muka yi hirar tumakin da yake kiwo a kan ganuwar da ke tare ruwan teku, wata nas ta shigo auna shi, na tashi na fita ban faɗa ba. Na ce sai ya warware zan je gida in same shi. Ƙauyen bai fi tafiyar minti arba'in a bas ba.

Ya ƙara shekara uku a duniya. Na sa ranar zuwa sau da yawa, kullum sai wani taro ko wata tantancewa ta taso, ni kuma in ji sauƙi a raina. Labarin rasuwarsa a jarida na gani. Na je jana'iza na tsaya a baya. Antje ta gan ni, ta taka har inda nake, ta ce in zo gida a sha shayi tare da dangi. Na bi su.