Ƙwayar Ganyen Shayi Ta Sauke Ni Daga Mota

A lokacin ina tuƙa motar haya tsakanin Daura da Kano. Motar wani Alhaji ce, da ita nake ciyar da iyalina. Ba na ɗaukar hanya sai mai shayin tasha ya haɗa mini kofi mai kauri, goro kuwa ba ya rabuwa da aljihuna. Na yi shekaru a haka, ban taɓa jin komai ba.

Wata rana ƙanin matata ya kawo mini robar wasu ƙwayoyi, ya ce da ganyen shayi aka yi su, suna wanke jini, suna hana jiki saurin tsufa. Na tambaye shi ko suna da illa, ya ce ai ba magani ba ne, ƙarin abinci ne kawai. Na fara haɗiya da safe ina korawa da kofi. Da na ga gajiya ta ragu, sai na ƙara da rana. Barci ya soma yi mini wuya, na ce wahalar hanya ce.

Ranar da abin ya faru mun ɗan wuce Kazaure, mota cike da mutane, har da wata mai jego da jaririnta a kujerar baya. Zuciyata ta hau bugawa kamar za ta fito, zufa ta wanke ni, titi ya koma bibbiyu a idona. Allah ya taimake ni na gangara gefe na kashe mota. Wata dattijuwa da ke bayana ta ce, "Ɗan nan, don Allah kada ka sake tayar da ita." Wani fasinja ne ya karɓi tuƙin ya kai ni asibiti.

Likita ya tambaya ko ina shan wani magani, na ce a'a, don ban ɗauki ƙwayoyin a magani ba. Sai da matata ta zo da robar. Likitan ya karanta rubutun da ke jikin robar, ya ce kafeyin, sinadarin nan mai hana barci da ke cikin kofi da goro, akwai shi da yawa a cikinsu. Wato na haɗa wa zuciyata su duka a lokaci guda.

Kafin in murmure Alhaji ya ba wani motar, ban kuma ga laifinsa ba. Yanzu lodi nake yi a tasha. Har yau in na tuna da mai jegon da ke kujerar baya ran nan, jikina sanyi yake yi.

'Yan'uwana direbobi, duk abin da za ku haɗiya, ko an ce muku ganye ne, ku fara nuna wa likita, ku gaya masa yawan kofi da goron da kuke ci. Rayukan da ke bayanku amana ce.